'Yan Kore da Kwanon Hassana

Ranar Asabar ce, ta farko bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji shida na firamare. Naman layya bai gama ƙarewa ba, akwai ragowar soyayye a wani bokitin fenti da Dada, mahaifiyarmu, ta tura ƙarƙashin gado, muna ta sintiri a ƙofar ɗakin kamar maguna. Wajen la'asar aka kawo wuta. Ka san yadda unguwarmu Shamaki take in an kawo wuta, ihun yara ke fara tashi daga bakin titi, ya biyo lungu lungu ya shigo gidanku kafin ƙwan fitila ya gama kamawa. Muka yi ɗakin Baba a guje, ni da ƙanwata Rabi da yaran maƙwabta, kowa ya nemi wuri a kan leda, na kamo tashar katun. Hassana tana bakin ƙofa inda uwarta ta zaunar da ita, ta jingina da bango don wuyanta ba ya riƙe kanta sosai, ga kwanon ɗanwake a gabanta da ƙuda ke yawo a kai tun azahar. Ba wanda ya kalle ta, mun saba. Can sai Rabi ta zungure ni da gwiwar hannu. Na juya, na ga hannun Hassana a cikin kwano. Idonta na kan talabijin, ta ɗauko ɗanwake ta kai baki, ta tauna, ta haɗiye, ta sake ɗauko wani. Sai hoton ya wuce wani wuri. Hannun ya tsaya a sama, ta mayar da ɗanwaken cikin kwano, ta naɗe hannunta a cikin hijabi.

Hassana ba 'yar gidanmu ba ce. Kafin Sallar da 'yan makonni Baba ya je tasha a Bolari karɓar buhunan wake, ya tarar da uwarta, Ya Falmata, zaune a kan takalmanta ba ta san inda za ta nufa ba. Mijinta abokin cinikin Baba ne daga can Borno, kuma bai fito ba ranar da 'yan bindiga suka shiga garinsu. Baba ya kawo su gida, aka kwashe buhunan ɗakin ajiya aka shimfiɗa musu tabarma. Tagwaye ne Ya Falmata ta haifa, Hassana da Husaina, shekararsu takwas, sa'o'in Rabi. Ranar gudun manyan motoci biyu ne suka tsaya a bakin garin. Ya Falmata ta ɗaga Husaina ta miƙa wa wata mata a saman ta farko, ta sunkuya ɗauko Hassana, kafin ta ɗago motar ta tashi. Su suka hau ta biyu, ta biyun kuma ta bi wata hanya. Shi ke nan labarin, ba ta taɓa ƙara masa komai ba, duk wanda ya tambaya haka take faɗa.

Abin da ya hana Hassana ci ba ciwo ba ne. Kowa ya san ba a fifita ɗaya a cikin tagwaye, in ka saya wa wannan takalmi ka saya wa waccan, in ba haka ba ɗayar ta yi fushi, kuma Dada ta yarda da fushin tagwaye kamar yadda ta yarda gobe rana za ta fito. To su a gidansu kakarsu ta ƙara wa abin ƙarfi. Tun suna rarrafe kwano ɗaya ake zuba musu, kuma ba mai riga 'yar'uwarta sa hannu, tare za su yi bismillah, tare hannu zai shiga. Yanzu an zuba, Husaina ba ta zo ba, sai Hassana ta zauna jira. Ruwa tana sha, koko ma takan kurɓi kaɗan a kofi. In aka ba ta ƙosai a hannu sai ta raba biyu ta ajiye duka a kan cinyarta. An yi rubutu, an yi tofi, an kai ta asibiti an yi ƙarin ruwa ta dawo. Dada ta taɓa matse ta tsakanin ƙafafu ta toshe mata hanci ta yi mata ɗurar kunu, yarinyar ta amayar da shi tas, daga nan Ya Falmata ta roƙa da kuka kar a sake. Awarwaron roba da ta zo da shi a wuyan hannu yana ta hawa, har ya kai sama da gwiwar hannu.

Katun ɗin kuwa tsoho ne, Baba ya ce tun yana saurayi yake ganinsa a gidan kallo. Turanci suke yi da sauri, ba ma ji, mu muka raɗa wa kowa suna. Akwai Dogon Hanci, maigidan da kullum ake kora daga aiki, da matarsa Mai Tsawa, da ɗansu mai ƙiriniya wanda yara suka ce ni ne. A ajin yaron, can bencin baya, akwai wasu 'yan mata biyu masu koren kaya iri ɗaya da kitso iri ɗaya, muna ce musu 'Yan Kore. Ba su ne masu wasan ba, cika aji kawai suke yi. Tare suke juya kai, tare suke rufe baki su yi dariya, in an shiga ɗakin cin abinci faranti ɗaya ne a gabansu. Su ne a fuskar talabijin lokacin da hannun Hassana ya shiga kwano. Na gaya wa Dada, ta ce in daina shirme. Washegari aka sake kawo wuta, na ɗauko kwanon da kaina na ajiye. Aka yi wasan har ƙarshe 'Yan Kore ba su fito ba. Ranar da suka sake leƙowa ta ci loma uku ko huɗu, Dada na tsaye a ƙofa da muciya a hannu tana gani da idonta.

Daga nan rayuwata ta koma jiran abu biyu da ba ni da iko da su, wuta da 'Yan Kore. Sai a kwana biyu ba wuta. In an kawo, sai a kawo lokacin da ake labarai ko tallan sabulu. In an dace da katun ɗin, sai Dogon Hanci ya cinye lokacin duka yana faɗa da maƙwabcinsa, ni ina zaune da kwano a hannu ina tsine masa a zuciya. Aikin gida kuma bai tsaya ba. Da asuba mu tura baro da jarkoki zuwa bohol, layi har bayan masallaci, sai ka ajiye jarkarka ta riƙe maka wuri ka je ka yi wani abu ka dawo, ba mai taɓa ta, ko faɗa ake wannan dokar ba a karya ta. Rabi takan ja Hassana su je tare ta sha iska, ta zaunar da ita a kan dutse kusa da jarkokinmu. In na dawo in share gaban akuyoyi, in kai niƙa, in tafi makaranta, da yamma Islamiyya. Abokaina na can cikin kwari suna langa da ƙwallon tsumma, suna kirana, ni kunnena na wajen titi ko zan ji ihun wuta. Wata rana ina ɗaukar Hassana daga bakin ƙofa zuwa inuwa, na ji nauyinta bai kai jarka ƙarama ba. Ranar ban iya cin tuwona ba.

Wani yaro ne a makaranta ya ce min akwai mai tura fina-finai a waya a Bolari, Ayuba, ba abin da babu a kwamfutarsa. Dama ni zama bai taɓa karɓata ba, bencin aji kamar da ƙaya nake jinsa. Kuma lokacin ana caje jaka a ƙofar makaranta saboda tsoron bam, iyaye da yawa sun hana yaransu zuwa, ba wanda ke tambayar wa ya zo wa bai zo ba. Na cire rigar makaranta na cusa a jaka, na bi ta kwari na ɓulla Bolari. Ayuba ɗan Tangale ne, gidansu a Herwagana, shagonsa bai fi banɗaki girma ba, wayoyin caji sun cika bango, janareta na ta ɓaɓatu a waje. Da na faɗi abin da nake nema dariya ya yi har da buga tebur. "Kai ƙanena, mutane na neman fim ɗin faɗa, kai kana neman yara biyu da ko magana ba sa yi?" Na ba shi labarin Hassana. Ya daina dariyar, ya jawo wata kujera mai ƙafa uku ya ce, "Zauna. Kai ka san su, kai za ka nuna min." Haka na zama ɗan shago. In share, in sayo man janareta a jarka, a lokacin da yaro da jarkar fetur kowa binsa yake da ido. In ba kwastoma sai mu yi ta gudu da katun ɗin, shekara bayan shekara, ina ƙura ido a bencin baya.

Ranar farko guda biyu muka samu da suka fito a ciki, ya zuba min a memorin ƙaramar wayar Dada. Na dawo gida ina ji kamar na ɗauko likita a aljihu. Aka zuba shinkafa da wake, na zauna gaban Hassana na kunna. Matsalar dai ita ce, suna fitowa sun wuce. Sai dabara ta zo min, na ga ai waya ba talabijin ba ce, ana iya tsayar da hoto. Suna ɗaga cokali na danna, suka tsaya cak, baki a buɗe, ido a buɗe. Na miƙa mata wayar kusa da fuska ina murna, na ce ga su nan, ba inda za su, ci a hankali. Ta kalla, ta ƙara kalla. Sai ta saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakin mutum ba, ta ja da baya da gindi har ta bugi randa, tana faɗin wata kalma da yarensu. Ya Falmata ta fito ba ɗankwali ta rungume ta. Daga baya ta gaya wa Dada kalmar, "sun mutu" take cewa. A hanyarsu ta fitowa yarinyar ta ga mutanen da suka tsaya haka, ido a buɗe ba motsi. Kwana biyu ko kofin kokon ba ta karɓa ba.

Na koma wurin Ayuba ina kuka kamar ƙaramin yaro, majina har baki. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ba tsayar da su za a yi ba, hana su tafiya za a yi. Ya yanko duk wuraren da suka fito, nan suna tafiya, nan suna dariya, nan suna cin abinci, ya jona su wuri ɗaya, ya sa in ya ƙare ya koma farko da kansa. Sati muka yi muna wannan aikin, har matarsa ta fara aiko mana da abinci kwano biyu. Da na kai gida ban miƙa wa Hassana ba, na jingina wayar da turmi na bar ta tana yi, na koma gefe ina gyaran tayar da nake garawa. Sai da aka jima ta matso. Ranar ta cinye rabin kwano, daidai rabi, kamar an ja layi da wuƙa, ta bar ɗaya gefen. Daga nan kullum sai na kai wayar caji Bolari na dawo da ita kafin azahar. Awarwaron ya fara saukowa. Ta fara carafke da Rabi a ƙofar ɗaki. Rabi kuwa don yawan kallo ta haddace 'Yan Kore kaf, tana kwaikwayonsu a layin ruwa mata na dariya. Makaranta kuma tun ina zuwa jefi jefi har na daina, Baba bai gane ba sai da aka yi jarrabawa babu ni.

Sai wata safiya muka tashi da ƙarar harbi daga bayan gari, jirgi na ta shawagi ƙasa ƙasa. Kafin azahar an sa dokar hana fita, ba dare ba rana. Wuta ta ɗauke. A ranar kuma zazzaɓi ya kama Hassana, Dada na da maganin a gida amma ba a shansa da yunwa, in ta sha sai ya dawo. Batirin wayar ya kai mu yamma ya mutu, 'Yan Kore na tsakiyar dariya. Washegari aka zuba fate, ta kalli turmi inda wayar ke zama, ta juya fuska bango. Jikin da aka sha wahala aka tara ya fara zubewa a gaban idonmu, leɓenta ya tsage, numfashi sama sama. Ya Falmata ba ta kuka, tana zaune tana shafa mata ƙafa tana kiran sunayen biyu a jere. Na san Ayuba na da ƙaramin janareta a gida. Da rana tsaka, lokacin da Baba ya kishingiɗa, na sa wayar a aljihu na haura katangar baya. Na bi kwari, na bi bayan gidaje, garin shiru ko kaza ba ta motsi. Saura titi ɗaya in shiga Herwagana masu kaki suka gan ni. Suka sa ni tsallen kwaɗo har ƙafafuna suka daina ɗaukata, sannan aka ce in kwanta cikin kwata in yi birgima. Ina ta cewa ƙanwata ce ba lafiya, ina nuna aljihu, ba wanda ya saurara. Suka ce in tashi in koma inda na fito, kar in waiga.

Na shigo gida ina ɗigar baƙin ruwa. Na ciro wayar, ruwan kwata na zuba daga cikinta. Dada ta kalle ta, ta kalle ni, ko zagi ba ta yi ba, kuma dukan da ba ta yi min ba ya fi min ciwo. Na zauna a bakin rijiyar da ta ƙafe ina kallon Rabi, ta tsuguna kusa da Hassana tana yi mata fifita, sai wani abu ya faɗo min. Da Sallah, da Baba zai ɗinka wa yara kaya, Dada ce ta dage a ɗinka wa Hassana riga biyu iri ɗaya, ta Husaina na ninke a jakar Ya Falmata ba a taɓa sawa ba. Na je gaban Ya Falmata na durƙusa da ƙazantata na ce ta ara wa Rabi rigar. Dada ta taso kamar za ta cinye ni. "Manu, kana da hankali? Rigar tagwai za ka sa wa 'yata? In ta yi fushi a inda take, kan wa zai sauka?" Ni ma tsoron nake ji. Na ce, "Dada, kalle ta." Ta kalla. Ya Falmata ta shiga ɗaki ta fito da rigar a tafin hannu biyu, ta tsaya tana jira. Ƙarshe Dada ce da kanta ta karɓa, ta sa wa Rabi, ta ɗaura mata ɗankwalin, bakinta na motsi da addu'a.

Aka sa wa Hassana tata, aka jingina ta da bango, Rabi ta zauna kafaɗa da kafaɗa da ita, kwanon fate a gabansu. Hassana ta juya kai, Rabi ta juya tare da ita. Ta ɗaga hannu za ta share ido, Rabi ta ɗaga nata, yadda 'Yan Kore ke yi. Hassana ta ƙura mata ido, tun daga ɗankwali har ƙafa, sannan da 'yar Hausarta da murya kamar ta sauro ta ce, "Ke ba Husaina ba ce." A raina na ce shi ke nan. Rabi ta ce, "Na sani. Wurinta nake riƙe mata kafin ta zo, kamar jarka a layin ruwa." Hassana ta kalli uwarta, ta kalli kwanon. Ta ɗora hannunta a baki-bakin kwano ta tsaya, Rabi ta ɗora nata. Tare suka yi bismillah. Ta sha maganin bayan nan, bai dawo ba. Dada ta shige kicin ta rufe ƙofa, muna jin ta tana fyace hanci, ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba.

Ban koma makaranta ba. Na yi shagon Ayuba, na yi gareji, na yi kwandasta, yanzu keke nake ja tsakanin Bolari da kasuwa, shi ma ban san ko zan daɗe ba. Ayuba ya koma sayar da wayoyi, ba mai zuwa a tura masa fim, kowa da datarsa. Ya Falmata ta zaga sansanonin 'yan gudun hijira har ƙafarta ta gaji, duk inda aka ce an ga yarinya mai kama da Hassana ta je, ba a dace ba. Shekara da shekaru Rabi da Hassana kwano ɗaya suke ci, Baba na ɗinka kaya biyu, kuma ba abin da ya sami Rabi. Bara aka yi mata aure aka kai ta Kumo. Ranar da motar amarya ta tashi duk gidan Hassana muke kallo ta gefen ido, ba mai son a gane. Da yamma ta zuba tuwonta ta zauna, ta ɗan jira, ta yi bismillah ita kaɗai ta ci gefenta, ta rufe sauran da faifai. Haka take yi har yau. Kwanaki ina jiran fasinja na ga wani yaro na kallon katun ɗin a waya, sabo fil, har yanzu ana yinsa. Na leƙa ta kafaɗarsa. Dogon Hanci na nan yana neman aiki, can bencin baya ga 'Yan Kore, shekararsu takwas ɗin dai, ba wadda aka ɗora a wata mota. Na tsaya har suka juya kai tare, fasinja na ta kira ban ji ba. A gidanmu dai jarkar Husaina na nan a layi, ba wanda ya taɓa ta.